Tukar Gahawa Ta Zama Sammu

Daren Laraba, Ikara

Salamu alaikum jama'ar duniya kaf, harda ku ɓerayen dake cin takarduna! Nine dai Ɗanjuma kuku, sarkin takin ƙasar Ikara, wanda aka tuɓe yau.

Tun bara nake tara tukar gahawar maigidana Baturen gona. Shi yace min in ta ruɓe da toka da kashin awaki, barkono sai yayi kamar ƙahon rago. Na haƙa rami a bakin iyakar gonata na binne. Ba wanda ban cika ma baki ba, har 'yan Makarfi sunji labari.

Yau na tarar da rami wayam. Maƙwabcina Baba Tanko na tsaye da fartanya yana tofe tofe.

Nace, "Baba, ina takina?"

Yace, "Taki ko sammu? Baƙin gari a iyakar gonata, ga ƙauri kamar ƙonannen wake! Na kwashe na zuba a rafi. Kaji tsoron Allah, ɗan nan."

Sa'an ubana ne, ya zanyi? Na durƙusa nace Allah huci zuciya. Ni da akayi ma ɓarna!

Abin haushin, tunda muka samu mulkin kai Bature ya koma ƙasarsu. Sabon maigidana ɗan garin Kudan ne, koko yake sha, har kwanon yake suɗewa.

Kai mai karanta wannan, in maigidanka na shan gahawa, don Allah aiko min da tukar. Ka rubuta "taki" a jikin ƙunshin, amma da ajami. Baba Tanko baya jin boko.