Goyon Cikin Tabawa

Maiyama, tara ga watan Azumin Tsofaffi.

Zuwa ga Malam maigidana, a Aliero.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya shuka, yaya Inna da ciwon ƙafarta? Mun iso lafiya, ni da ɗiyarmu da wannan da nake ɗauke da shi, wanda bai daina harbina ba tun daga Jega. Kada ka yi wa rubutuna dariya. Tun rasuwar Baba ban riƙa alƙalami ba, ga shi ciki ya hana ni sunkuyo.

Yaya Mu'azu ya tsaya mini tsayuwar uba, har kaza biyu ya yanka. Matan unguwa kuwa sai shigowa suke, wai gaisuwa, alhali kallo suka zo yi. Ba su taɓa ganin mai shekara goma sha ɗaya a ɗakin miji ta zo goyon ciki kamar amarya ba. Na bar su su kalla su ƙoshi. Ni da na sha saiwar maganin haihuwa ta garin Katanga har harshena ya mutu, na sha rubutun da kake taya ni sha don kada in sha ni kaɗai, kallo ba zai kashe ni ba. Malam, ina cikin farin ciki, kuma ban iya ɓoye shi ba.

Abu guda ne ya tsaya mini a rai. Ka tuna shekarar da Nasara suka shigo, da Yaya da matarsa Kaltume suka yaye ɗiyarsu suka ba ni riƙo, wai ko ta jawo mini haihuwa. Jiya muna surfe Kaltume ta ce cikin raha yarinya ta gama aikin da aka aike ta, tunda ga ciki ya fito. Na yi dariya tare da ita, amma tuwon dare bai shiga ba.

Ka gaida Inna. Kada ka bar ta ta ɗauki tulu.

Matarka, Tabawa.

*

Maiyama, uku ga watan Azumi.

Zuwa ga Malam, bayan gaisuwa da barka da shan ruwa.

Ina fatan kana lafiya, kuma aikin hanyar Nasara bai cinye maka noman biyu ba. Saƙonka ya iso ta hannun Gidaɗo mai shanu, man shanu da albasa da komai. Ka ce saura wata uku. Wata guda ne, Malam. Mai ƙirga buhunan albasa ba kuskure ya kasa ƙirga wata tara!

Jikina lafiya lau, sai kumburin ƙafa. Gwaggo Tamu ungozoma ta shafa ta ce kai ya juya ƙasa. Ta hana ni zuma da rake, ni kuwa tunda ta hana ba abin da nake mafarki sai su.

Maganar Kaltume ba raha ba ce. 'Yan matanta biyu sun yi aure, maza kaɗai suka rage mata, bayanta kuma ya fara ciwo. Ta mai da shimfiɗar yarinyar ɗakinta, tana koya mata kaɗi, kuma wallahi ta fi ni iya kitso. Ba zan ce ta yi laifi ba, ita ta haifa. Amma ni na goya ta lokacin baƙon dauro, ni na tsinci haƙorinta na fari a cikin kwano. Har yau ni take ce wa Inna, ubanta kuma Kawu, shi ko sai ya amsa yana sosa ƙeya.

Na je wurin Yaya, ya ce maganar mata ce, mu sasanta. Ka san shi, ko kaza ba ya iya kora daga kan shanya. Ban yi musu da kowa ba, mai cin tuwon gida ba ya ɗaga murya. Sai dai ina jin tsoro, Malam. Na roƙi Allah ya ƙara mini ɗa, ban roƙe shi musaya ba.

Ka sa mu a addu'a in an sha ruwa.

Matarka, Tabawa.

*

Maiyama, ashirin ga watan Bawan Salloli.

Zuwa ga Malam uban Yahaya.

Ina gaishe ka, ina gaida Inna, da fatan gero ya shiga rumbu lafiya. Yahaya ya yi ɓulɓul, ya ɗauko hancinka, Allah ya ba shi haƙurin ɗauka. Ni kuma ruwan wankan jego ya kusa dafa ni, kunun kanwa ya mai da ni kamar tulu.

Ga abin da ya faru bayan ka koma daga suna. Tsofaffi suka taru a ɗakina suna koya mini kunyar ɗan fari: kada in kama sunansa, kada in yi masa wasa gaban mutane, in ya yi kuka in kau da kai sai an miƙo mini shi. Suna cikin faɗa ya tsala kuka. Na ɗauke shi na rungume, na kira shi Yahaya da ƙarfi har sau biyu. Gwaggo Tamu ta yi salati ta riƙe baki, ta ce haihuwar tsufa ta cire mini kunya.

Na ce musu kunyata tana nan, amma wannan ba shi ne na fari ba. Ta farin tana tsakar gida tana tankaɗe, kuma duk wadda ta taɓa jin sunanta a bakina cikin shekara bakwai ta faɗa. Ba shiri na yi ba, Malam, bakina ne ya riga ni. Kaltume da ke kiran yarinyar da sunanta sau goma kafin hantsi ta daɗe tana kallona, sannan ta tashi ta fita. Na ce shi ke nan, na ɓata.

Kwana biyu suka wuce. A na uku ta shigo da mazari da abawa da sabon zane ɗan ƙarami, ta ƙulle su da hannunta cikin kayana. Ta ce in bar mata yarinyar duk kaka ta yi wata guda, kuma in daina ɓata mata kai da kitsona. Muka yi kuka, muka yi dariya, Yahaya ya taya mu da nasa.

Arba'in ta cika ran Laraba. Ka aiko da jaki biyu, mu uku ne.

Matarka, Tabawa.