Hayar Kabarin Mahaifiyarku

Ni Douwe Veenstra, tsohon direban bas na birnin Groningen a ƙasar Holan, mai shekara tamanin da ɗaya a duniya, ina rubuta wannan wasiyya da hannuna, hankalina garau, babu wanda ya tsaya a kaina, babu kuma maganin da ya juya mini tunani. Jikin ne dai ya gaji. Watan jiya likita ta duba zuciyata, ta yi ta kewaye-kewaye da magana har na ce mata ta huta, na gane. Zuwa gare ku 'ya'yana biyu, Femke da Wiebe. Takardar guda biyu na rubuta iri ɗaya, don na san babu wanda zai ɗaga waya a cikinku ya karanta wa ɗan'uwansa.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai, gara in faɗe shi tun da wuri. Kabarin mahaifiyarku Tineke na haya ne, kuma hayar za ta ƙare a watan Afrilu mai zuwa. A ƙauyen nan da nake zaune a bayan birnin Alicante, nesa da ƙasarmu Holan, wanda hayarsa ta ƙare ba a sabunta ba, ana kwashe ƙasusuwansa a zuba a ramin gayya da ke bayan maƙabarta, a ba wani gurbin. Ba na so haka ta faru da ita. Sauran maganganun duk ƙanana ne, amma bari in kawar da su tukuna.

Na ɗaya, gidan da nake ciki ba nawa ba ne, kun sani, don haka babu abin da za ku yi rigima a kansa. Ku mayar wa mai gidan makullinsa kafin wata ya mutu. Ba zai yi kuka ba. Tun da ya gano 'yan yawon buɗe ido suna biyan a mako abin da nake biya a wata, gaisuwarsa ta koma tambayar lafiyata, irin tambayar da mai ita yake fatan jin labari mara daɗi. Ban riƙe shi a zuciya ba, shi ma da nasa 'ya'yan. Agogon bango na kakanku na Wiebe ne. Zoben mahaifiyarku da hotuna na Femke ne. Kujeru da tukwane ku ba duk wanda ya yarda ya ɗauka.

Na biyu, babu mai bina bashi sai mai kawo gas, tukunya ɗaya, ku sallame shi. Amma akwai wanda ba a biya da kuɗi. Maƙwabciyata Amparo, tsohuwar nan mai baƙar riga da ba ta iya faɗin sunana ba har ta raɗa mini Dogo, tun rasuwar mahaifiyarku take turo mini kwanon wake ko shinkafa, kullum da ƙaryar wai ta dafa ya yi yawa. Mace mai zaman kaɗaici ba ta yi shekara goma tana kuskuren awo ba. Ku ba ta keken ɗinkin Tineke, ta daɗe tana kallonsa. Kada ku kuskura ku miƙa mata kuɗi, za ta ɗauka zaginta kuka yi, kuma bakin Amparo ba ku iya masa ba.

Na uku, kai Wiebe. Na ji kana cewa da ka ajiye aiki kai ma kudu za ka yo, inda rana take kyauta kuma fansho yake auki. To saurara. Mu ma haka muka ce. Hutu muka zo bayan Alicante a watan Mayu, muka ga lemo yana zuba a titi babu mai ɗauka, muka ci muka sha da kuɗin da ko kofi biyu ba zai sayo a Groningen ba. Muka koma gida muna lissafi muna dariya, kamar mun tsinci dami a kala. Ashe kallon kitse muka yi wa rogo. Mahaifiyarku har manyan rigunanmu na sanyi ta rabar kafin mu taso, wai ta gama da su har abada. Babu wanda ya gaya mana an gina gidajen nan ne don korar zafi. Lokacin sanyi na farko, cikin ɗaki ya fi waje sanyi, bango ya yi fumfuna, muna zaune da bargo a ka muna kallon tukunyar gas tana ƙarewa. Mutanen arewa guda biyu, waɗanda suka tashi cikin ƙanƙara, sai ga su suna karkarwa a ƙasar rana, Amparo tana leƙowa tana ƙyaƙyata dariya.

Arahar ma ba ta zauna ba. Haya ta hau, wuta ta hau, man zaitun da muke kwararawa kamar ruwa yanzu da cokali nake aunawa. Fansho kuwa tafiyar hawainiya yake yi. Ga kuɗin da ba a gani a hutun mako biyu: mai fassara idan za ka ga likita, mai cike maka takardun hukuma, tikitin jirgi duk sanda aka yi haihuwa ko rasuwa a gida. Waɗanda muka zo tare da su, wasu sun mutu, wasu sun tattara sun koma wurin 'ya'yansu, akwai wani Bajamushe da ya koma kwana a tsohuwar motarsa a bakin teku yana cewa ra'ayi ne. Idan ka nace sai ka zo, ka zo a watan Janairu ka yi wata guda, kuma kada ka saki ɗakin da kake da shi a can.

Na faɗi haka ne don ke ma Femke ki ji. Kin sha cewa in dawo gida, kina ganin taurin kai ne ya hana ni. Na tambaya, 'yata. Gidan gwamnati da muka yi shekara talatin a ciki mun mayar da makullinsa da hannunmu, kuma da na nemi wani, sai aka ce in shiga layi, layin da ko mai shekara arba'in sai ya yi furfura kafin ya kai gaba. Hayar kasuwa kuwa ta fi ƙarfin fanshona gaba ɗaya. Ɗakinki ɗaya na baƙi, shi ne na karatun 'yarki. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. A can na yi talaucin da ba zan iya komawa ba, a nan kuma arzikin zaman yana ƙarewa. Na gaji da wannan lissafin, kuma ba na ɓoye muku cewa wani ɓangare na zuciyata ya ji sanyi da maganar likita.

Na huɗu, gabar da ke tsakaninku. Zan faɗi yadda abin ya faru sau ɗaya, don kowannenku ya riƙe rabinsa ne kawai.

Sabon zuwanmu, Amparo ta taɓa tare ni a bakin ƙofa ta ce, "Dogo, kuna biyan matattu kuwa?" Haka suke kiran ɗan kuɗin da kowane gida yake zubawa duk wata saboda ranar jana'iza. Jariri ma ana haihuwarsa kakarsa take sa sunansa. Muka yi dariya, mahaifiyarku ta ce mu da muka zo cin duniya, wa zai fara da biyan mutuwa? Amparo ta girgiza kai ta tafi. An ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, nemi taka ka ɗaura. Mu ba mu ɗaura ba.

Tineke ta faɗi ranar Juma'a da hantsi tana shanya kaya, nan take ta cika. Wiebe yana nan, ya zo hutu. A tunaninmu irin na gida ne, a yi mako guda, a buga katin sanarwa, dangi su taru, a sha kofi da kek. A nan washegari ake binnewa. Kafin la'asar mai shirya jana'iza ya zo da takardu cikin harshen da ni da Wiebe ba mu iya karantawa ba, Wiebe ya karɓi biro ya sa hannu inda aka nuna masa. Ana iya jinkirtawa idan an biya kuɗin ɗakin ajiye gawa, amma ba mu san ana yi ba, shi kuma mutumin bai ga dalilin faɗa ba, don su nan babu mai neman haka. Ke Femke kina da jaririya a hannu, ba ki sami jirgi ba sai Lahadi. Kika iso kika tarar da gurbi a jikin katangar maƙabarta, inda suke sa gawa a nan maimakon haƙa ƙasa, layi na uku, an rufe da siminti.

Na ji abin da kika ce masa a bakin maƙabarta: "Ka binne mini uwa kamar kana tsoron kada ta tashi." Na kuma ji amsarsa, cewa mai son ganin uwarsa tun tana da rai yake zuwa. Dukanku baƙin ciki ne ya yi magana da bakinku. Wiebe bai yi gaggawa ba, garin ne mai gaggawa. Femke ba ta yi sakaci ba, jego take. Amma shekara goma ke nan kuna raba mini ranakun ziyara kamar masu gadi, wannan ya fita kafin wancan ya shigo, jikokina sun girma ba su san muryar juna ba. Wannan ya fi sanyin gidan nan cin jikina. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na yafe muku abin da ya shafe ni, sauran tsakaninku ne.

Na biyar, gawata. Wiebe ya taɓa cewa a ƙone mu duka biyu a kai tokar gida, ya fi sauƙi. Femke tana so a ɗauke ƙasusuwan mahaifiyarta a kai Groningen, ni ma idan tawa ta zo a sa ni a jirgi. Ban yarda da ko ɗaya ba. Kuɗin kai akwatin gawa Holan zai jefa ku bashin da za ku yi ta zargin juna a kansa, ita kuma Tineke tana tsoron wuta tun tana yarinya, ba zan fara mata da ita yanzu ba. A nan ta ce ta fi jin daɗin duniya, duk da sanyin da fumfunar. A gurbinta za a sa ni.

Na sayar da motata. Kun tambaye ni dalili na ce idona ne, to idon ma ya yi rauni, amma ba shi ba ne. Wanda bai biya matattu da ƙuruciya ba, a dunƙule ake karɓa a hannunsa da tsufa. Da kuɗin motar da ɗan abin da na rage daga gas na shekarun nan na biya jana'izata, na kuma biya sabuwar hayar gurbin ta shekara goma, ko na kai Afrilu ko ban kai ba. Takardun suna hannun Amparo. Amma daga nan ƙarfina ya ƙare. Na sa an rubuta gurbin da sunanku ku biyu, kuma na roƙi ofishin ƙauyen kada a sabunta sai da sa hannunku duka, a rana ɗaya, a gaban ma'aikaci. Na san za ku ce tsohon ya ɗaure ku. Ƙwarai kuwa, da gangan na yi. Idan shekara goma ta cika kuka kasa tsayawa a ɗaki ɗaya na ɗan lokacin da za a buga hatimi, za a zuba mu a ramin gayya ni da ita. Mu ba za mu ji komai ba. Ku ne za ku ji.

Na shida, kuma shi ne na ƙarshe. Na biya kwana uku a ɗakin ajiye gawa. Mai shirya jana'izar ya kalle ni kamar na zautu, ya ce me mamaci zai yi da kwana uku, na ce ba na mamacin ba ne. Da zarar Amparo ta kira ku, ku taso. Ba za a taɓa ni ba sai kun iso duka.

Eusebio, mai kula da maƙabartar, ya bayyana mini yadda ake yi idan za a haɗa miji da mata. Zai fasa bakin gurbin, ya jawo tsohon akwatin, ya tattara abin da ya saura na mahaifiyarku cikin farin ƙyalle, ya ɗaure, a ajiye ta a wajen ƙafafuna, sannan a mayar da mu tare. Dole wani na jini ya tsaya shaida. Ya tambaye ni sunan wa zai rubuta. Femke, naki na bayar. Idan zuciyarki za ta ɗauka, ke za ki karɓi ƙyallen daga hannunsa, ke za ki sa ta da hannunki, ki faɗa mata abin da kika zo da shi waccan Lahadin. Eusebio ya yi mini alkawari ba zai ɗauki cokalin magini ba sai kin ce ya ɗauka, ko da rana za ta faɗi. Wiebe, ka tsaya kusa da yayarka. Kada ka ce komai, kada ka kare kanka, ka dai tsaya inda za ta iya dafa ka idan ƙafarta ta gaza. Waccan jana'izar kai kaɗai ka ɗauke ta, wannan ku ɗauka tare.

Ban cika zuwa coci ba, kun sani, amma uba ba ya rasa addu'a. Allah ya yi muku albarka, ya albarkaci 'ya'yanku, ya ba ku tsufa mai ɗumi a inda aka san sunanku. Ku riƙe juna, don bayan ni babu wanda ya rage da ya san ku tun kuna rarrafe sai ku biyun. Ku haɗa yaran nan su san su 'yan'uwa ne, zumunci a ƙafa yake. Ban bar muku gida ba, ban bar muku dukiya ba. Kwana uku kaɗai ƙarfina ya kai in saya muku, abin da ya biyo bayansu yana hannunku.

Mahaifinku,
Douwe Veenstra