Zanen Inna da Kika Wanke

Kore Mairuwa, 14 ga Oktoba

Zuwa ga ƙanwata Mubarika,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigidanki Abdussalamu da yara. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri, amin. Mu nan sai godiya. An gama yankan gero, wake ma ya yi albarka bana. Inna tana ci tana sha, idon ne dai ya ƙara rufewa, yanzu da murya take gane mutum.

Da gangan na ƙi kiranki a waya, don na san halinki, kafin in kai tsakiyar magana za ki ce rezo ya ɗauke, ba kya ji na. Raina a ɓace yake, Mubarika, kuma sai kin karanta takardar nan har ƙarshe.

Kin san zanen gadon da Inna ta fara miki bara. Da hannunta ta zana shi da kireyon, fensirin nan nata, fure goma sha biyu a gefe da zabi biyu a tsakiya, kuma shi ne na ƙarshe da ta zana kafin idonta ya tafi. Ta ɗinke huɗu, ni na karɓa. Wata takwas ina bin layinta da allura, tsakanin girki da aikin gona. Duk furen da na gama sai in ƙulla zare a bakin zanen, ita kuma ta shafa ta ƙirga. Mun kai tara, saura uku da zabin.

Sai ga ki, 'yar Yamai sarauniyar tsabta, kin zo sunan ɗiyar ɗan'uwanmu Rabilu. Kika gan shi cikin kwalla, kika ce ya yi dauɗa, kika jiƙa shi da omo da ruwan jabel mai cin launi ba ki tambayi kowa ba, ya bushe kika ninke kika mayar cikin kwalla, kika hau mota abinki. Sai bayan kwana uku na buɗe. Fari fat, ko ɗigon kireyon babu, jan zaren ma ya koɗe. Ke da kika tashi a gaban Inna, ba ki san ba a wanke aiki sai an zare allura ba? Garin neman ƙiba kin samo mana rama. Wallahi da kina kusa ranar, da maƙwabta sun ji mu.

Mako uku ina ɓoye mata. Kullum ta tambaya ko na kai wuyan zabuwa, in ce saura kaɗan. Da girmana kika mai da ni maƙaryaciya. Har Dogon Dutsi na je wurin Asiya mai zanen fure, ta ce za ta iya zana zabi, amma ba irin na Inna ba.

Ranar Juma'a Inna ta ce in miƙo mata shi. Tana kai shi hanci ta gane. Ta tambaya wa ya wanke, na faɗa mata. Na so ta yi faɗa ko zuciyata ta huce, amma cewa kawai ta yi dama ke tun kina ƙarama ba kya son dauɗa. Sannan ta ce a ba ta kireyon. Ta shimfiɗa zanen a tabarma tana laluben tsakiyarsa, ta zana. Ƙafar zabuwa ɗaya ta hau kan furen da na gama, ɗayar kuma kanta bai haɗu da wuya ba. Ta tambaye ni ko ya yi, na ce ya yi ƙwarai.

Haka zan ɗinke shi, ba zan gyara ko layi ɗaya ba. In na gama zan aiko miki, ki shimfiɗa a gadonki. Duk wadda ta tambaye ki me ya sami zabin nan, ki faɗa mata da bakinki.

Ki gaida Abdussalamu da Salma da Luƙman. Rabilu da matarsa Hamsatu suna gaishe ku. Inna ma ta ce in gaishe ki, wai kada in yi miki faɗa.

Yayarki,
Sahura