Saƙon Safiya Zuwa ga Mai Keke

Zuwa ga aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da jikoki. Yaya gwiwar? Idan har yanzu kana ɓoye wa likita cewa kana hawa bene, to ni babu ruwana.

Ka sha tambayata abin da nake yi tun da aka rufe maɗaba'armu, ni kuma ina ta kewaye-kewaye. Yau zan faɗa maka, ka yi dariyarka ka gama. Ni ne mai kula da ayyuka a wani kamfanin rubutun talla da ba shi da ofis. Ofishina shi ne ɗakin da muke tara tarkace a da: tebur kusa da taga, kwamfuta, da fanka mai kukan tsufa irin nawa. Marubutan da masu zanen kowa yana garinsu, ban taɓa haɗa ido da ko ɗaya ba. A taron bidiyo kowa kashe kyamararsa yake yi, sai ka ga kanka kana wa'azi ga baƙaƙen akwatuna, nan jariri na kuka, can ana wanke kwanuka.

Aikin kuwa ga shi. A cikin manhajar da muke aiki da ita akwai allo mai gida uku: abin da za a yi, abin da ake yi, da abin da aka gama. Kowane rubutu kati ne, ni kuma nake jan kati daga gida zuwa gida. Mutumin da malamai suka riƙa karanta takardarsa a gaban aji, wanda ya gyara wa manya littattafai, yau ga shi yana tura kati kamar ɗan caca. Idan da na sani, da ban ɓata idona a karatu ba.

Mai kamfanin yarinya ce sa'ar autata. Ba ta da mugunta, sai dai ba ta karanta abin da ya wuce layi biyu. Duk abin da ka aika mata amsarta ɗaya ce, har yaran suka laƙaba mata Madalla.

A cikinsu mutum ɗaya ne ya san aiki. Muna ce masa Mai Keke, don maimakon fuskarsa hoton keke ya sa, jingine da bango. Shi ne yake rubuta jimla ta tsaya da ƙafafunta. Yana kirana Baban Waƙafi, ina kiransa ɓarawon lokaci, don ba ya kawo aiki sai ana shirin rufe ƙofa. Yanzu ma katinsa ya yi ja, rubutun wani kamfanin katifa ne kan yadda ake samun barci mai daɗi, shi kuma ya yi shiru. Ban damu ba. Duk wanda ya makara, manhajar takan aika masa saƙo kullum safe, da sunana da hotona ina murmushi, tana ce masa: barka da asuba gwani, aikinka ya makara, amma na san za ka iya. Ba ni na rubuta ba. Kai shaida ne ban taɓa ce wa ɗan'adam gwani ba. Amma zai ji kunya ya fito.

Ka gaida mutanen gida.

Naka,
Abokin bencinka

*

Aminina,

Ina gaisuwa, ina fatan sauƙi ya samu. Ni jikina ƙalau, zuciyar ce babu daɗi.

Mai Keke ya rasu. Ciwon ƙirji ne na farat ɗaya, tun kafin katin nasa ya yi ja. Matarsa ce ta rubuto mini daga wayarsa, a ƙarƙashin saƙon nan na safiya. Ta ce mai wayar ya riga mu gidan gaskiya, ta ce kullum tana ganin saƙona, ta roƙe ni in ji tsoron Allah in ƙyale su.

Na zauna na rubuta mata ta'aziyya irin wadda aka koya mana, na bar mata lambata, na rantse mata ba ni nake aikawa ba. Washegari da safe fuskata ta sake bayyana a wayar mamaci tana murmushi, tana ce masa na san za ka iya. Ka gaya mini, da kai ne ita, me za ka ɗauke ni? Ba ta sake amsawa ba, amma alamar ta nuna ta karanta. Kullum tana karantawa.

Na duba ko'ina babu inda zan kashe abin. Mabuɗinsa yana hannun Madalla ita kaɗai, ita kuma tana tafiya neman sababbin masu ba mu aiki. Na rubuta mata dogon bayani, ta ce madalla. Na sake rubutawa a gajarce, ta ce in buɗe kati a kan maganar, za ta duba idan ta sauka. A wurinmu har mutuwa sai ta bi layi.

Sauran yaran sun yi jimami daidai gwargwado. Mai zanenmu ta ce ashe ma yana da aure? Wani ya tambaya ko wa za a ba aikin katifar. Ban ga laifinsu ba, yaya za ka yi kukan wanda ba ka san tsawonsa ba?

Aminina, ba ni da gida nawa na kaina, ba ni da muƙami. Abin da ya rage mini shi ne ba a taɓa cewa na wulaƙanta mutum ba. Yanzu ga wata baiwar Allah can inda ban sani ba, tana farkawa kullum da ni ina yi wa mijinta ba'a. Sai na tsayar da abin nan ko da zai ci aikina.

Ka sa ni a addu'a.

Naka kullum,
Abokin bencinka

*

Aminina,

Na ga amsarka, na gode. Shawararka ta in bar aikin ba za ta yi ba, don ko na tafi hotona zai ci gaba da zuwa.

Na yi wata dabara irin ta tsofaffi, ta kuwa juye a kaina. Na lura saƙon ba ya tsayawa sai kati ya shiga gidan an gama. Sai na zauna na rubuta aikin katifar da kaina, a madadinsa. Ka yi tunanin wannan: ni da barci muka raba gari tun da labarin ya zo, ina koya wa duniya yadda ake juya matashi da rage hasken ɗaki. Na yi ƙoƙarin bin salonsa, ban kai ba. Na miƙa, na ja katin, na ce shi ke nan.

Manhajar ta ga Mai Keke ya gama aiki, ba shi da komai a hannu. Sai ta taya shi murna da sunana, ta ɗora masa sabon aiki, na wani kamfanin sabulu.

A taron da ya biyo baya na yi abin da ban taɓa yi ba. Madalla tana cikin lissafa nasarorin mako na kunna kyamarata, suka ga furfurata da tarkacen bayana, na katse ta. Na ce mutum ya mutu, muna aika masa aikin sabulu. Har mai wanke kwanukan ta tsaya. Ashe Madalla ba ta taɓa fahimta ba, ta ɗauka cewa nake yi ya bar aiki. Sai ta shiga ba ni haƙuri, tana kirana Baba. Ta tambaye ni me za ta yi. Na ce ta cire shi gaba ɗaya, yanzu, ina kallo. Ta ce ko a dakatar da shi tukuna? Na ce na gaji da tukuna. Ta danna, keken ya ɓace daga allon.

Yau da safe babu abin da ya tafi. Karo na farko da wani ya saurare ni tun da aka rufe maɗaba'a.

Ka gaida uwargida da kyau.

Naka,
Abokin bencinka

*

Aminina,

Ina fatan kuna lafiya. Ka yi haƙuri da gajartar wannan.

Matar Mai Keke ta kira ni jiya da hantsi. Na ɗauka godiya za ta yi, har na gyara zama. Muryarta ƙarama ce, a natse, kuma ta gaishe ni da ladabi kafin ta faɗi abin da ya kawo ta. Ta ce manhajar ta fitar da ita, ta ƙi buɗuwa. Ashe mijin nata ba ya fara rubutu sai ya faɗi abin da baki, yana ajiyewa a wani lungu na manhajar da shi kaɗai yake gani. Tarin muryarsa yana ciki, yana gwada jimloli, yana dariya, wani wurin yana ce wa 'yarsu ta sauka daga kan tebur. Abin da take shiga saurare ke nan kullum. Saƙona a bakin ƙofa kawai take tarar da shi, ta wuce.

Madalla ta tuntuɓi masu manhajar, har da kuka. Sun ce wanda aka dakatar ana iya dawo da shi, wanda aka cire ya tafi da duk abin da ke nasa.

Na faɗa wa matar gaskiya, ban ɓoya a bayan kowa ba. Na jira ta zage ni, da ta yi da na ji sauƙi. Ina jin 'yarsu tana wasa a kusa da ita. Sai ta ce: "Na ji haushin saƙon nan, Baba, Allah ya sani. Amma tun da aka watse daga zaman makoki, kai kaɗai ne kake nemansa. Yanzu gobe da safe wa zai neme shi?"

Ita ce ma ta yi mini sallama.

Idan gwiwar ta bari, ka zo. Ina son in ga fuskar mutum.

Naka har kullum,
Abokin bencinka