Tabon Keke

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna da yara. Ya ƙafar Baba? Ni lafiya lau, alhamdu lillahi.

Tabon nan na goshina, na ranar da ka goyo ni a keke muka faɗa kwata, ya tafi. A asibitin gyaran fata da nake aiki an mayar da ni teburin karɓar baƙi. Likita ta ce bai dace masu zuwa goge tabo su fara cin karo da tabo ba. Ba ta tilasta ni ba, ta dai faɗa sau uku.

Da hasken leza aka ƙone saman fatar. Zafin da sauƙi, ƙaurin ne ban so ba. Kwana goma wurin yana saɓa, an hana ni shiga rana. Yanzu ya yi sumul, kowa na yabawa.

Don haka ka daina ba ni haƙuri, shekara ashirin ta isa. Sai dai ka duba akwatin Inna, ka aiko min hoton nan namu da tabon ya fito sosai. Har yanzu hannuna yakan kai wurin, ya tarar ba kowa.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarka,
Auta