Turken da Papa Ya Tono a Fadama

Kpalanta,
23 ga Yuni, 2019.

Zuwa ga ƙanena Kerkula,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri zuwa gare ka, kai da matarka Lorpu da yara. Ina roƙon Allah wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya, Ya raba ku da ciwo, Ya sa albarka a aikin da ya kai ka Minnesota. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ba ya ɗagawa, har hanyar Totota ta zama kunu. Papa yana nan da ransa da bakinsa, gwiwoyi ne kawai suka ƙi shi. Yana cinye shinkafarsa da miyar ganyen rogo tas, sannan ya ce manja ya yi kaɗan. 'Yata Yamah ta sauka lafiya a watan jiya, an sami mace, kuma kowa ya ga goshin jaririyar sai ya ce marigayiya Ma ce ta dawo.

Ranar da ka kira, sai da na hau tudun makaranta kafin na ji muryarka. Ban gama gaishe ka ba ka soma faɗa, wai Baffa Yakpawolo ya shaida maka Papa ya ruɗe, ni kuma na ja shi na sayar da garinmu ga dangin mijina. Ka ce in kwashe tsoho mu koma Monrovia, in bar gona. Kafin in buɗe baki waya ta yanke. Ban ji haushinka ba, don wanda ya riga kai ƙara shi ake fara ji. Amma ni na goya ka a bayana, saboda haka zauna ka karanta, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Ka san sabuwar doka ta ce kowane gari ya shata iyakar ƙasarsa a rubuce. Tun daga nan fadamar shinkafa da ke tsakaninmu da Zuweta ta zama abin faɗa. Mutanen Zuweta suka ce fadamar duka a gundumar Margibi take, don haka tasu ce. Namu suka ce a Bong take har bakin rafi. Mutanen da suka yi shekaru suna auren juna, suna binne gawar juna, sai ga samarinsu suna zuwa gona da adduna biyu biyu. A watan Afrilu aka sari ɗan Zuweta a kafaɗa, Allah Ya sa bai mutu ba. Shi ne aka sa ranar da wakilan gundumomin biyu za su zo su ji bakin dattawa. Takardun da duk sun ƙone lokacin yaƙi, kuma cikin waɗanda suka ja sarƙar awo lokacin da aka fara shata iyakar Papa kaɗai ya rage. Ana saura kwana uku Baffa ya zo da farin goro, a matsayinsa na mai gari kuma ƙanen Papa, ya ce abu ɗaya yake so, Papa ya tashi gaban jama'a ya ce iyaka rafi ce. Papa ya karɓi goron ya juya shi a hannu, ya ce in an tambaye shi zai faɗi abin da ya sani. Baffa ya tafi yana murna, ni kuwa na lura goron nan ba a ci shi ba.

Da ranar ta zo, Papa ya ce shi ba zai yi magana a rumfar gari ba, a kai shi fadama. Babur ba ya shiga, ƙafa kuma babu, sai aka ɗaura raga a jikin gora, maza huɗu suka ɗauke shi. Yana lilo a ciki yana dariya, wai yau shi ne Disi, jami'in gwamnati mai mulkin yanki. A hanya ya ba baƙin labarin da mu muka sha ji. Ya ce lokacin da yake saurayi gundumomi biyar ne kaɗai a ƙasar nan, duk a bakin teku, mu na ciki kuwa lardi ake ce mana, ba mu da abin da ya haɗa mu da gwamnati sai harajin bukka da dako. Shi da kansa ya ɗauki Disi a irin ragar nan daga nan har Salala, kan nasa ya yi kanta har yau gashi bai fito a wurin ba. A shekarar sittin da huɗu aka rushe lardunan aka yi Bong da Lofa da Nimba da Grand Gedeh, aka ce mu ma mun zama mutane. A lokacin ne masu awon ƙasa suka zo suka ɗauke shi jan sarƙa. Ya ce a ranar ma babu wata Margibi, ƙetaren can Montserrado ne, sai bayan shekara ashirin aka haɗa yankunan Marshall da Gibi aka raɗa mata suna. Wakilin Margibi, wani saurayi mai takalmin roba sabo, ya yi dariya ya ce ashe tsoho ya girmi gundumarsa. Papa ya ce ya girme ta, kuma ya girmi ta ɗaya wakilin ma.

Da muka isa bakin fadama Baffa ya nuna wa masu ɗauka hanyar rafi, Papa ya ce a'a, a yi hagu. Ya sa aka tsaya a gindin tsohon surin nan da ke tsakiya, inda muke ajiye tukunyar abinci ranar dashe. Ya ce a sara. Aka yi ta sara har mutane suka fara gunaguni, Baffa yana cewa kun gani ko, tsufa ne. Sai adda ta yi ƙara a kan wani abu. Turken siminti ne, Kerkula, tsawon hannu, da lambobi a kansa, kuma a gefe ga shatar babban yatsan Papa da ya danna tun simintin yana ɗanye. Ya ce shi ya ɗauko buhun a ka. Aka ja igiya daga turken zuwa rimin kan tudu kamar yadda ya ce an yi a da, sai ga layi ya raba fadamar biyu. Gonarmu duka, da itacen goron da Ma take kwance a gindinsa, suka faɗa ɓangaren Margibi.

Ban san lokacin da na zauna a cikin laka ba. Samarin Zuweta suka ɓarke da ihu, wani ma ya fara rawa. Papa ya ɗaga sandarsa daga cikin raga ya ce su rufe masa baki. Ya ce layin nan an ja shi ne don mai karɓar haraji ya san inda zai tsaya, ba don a san mai gona ba. Ya ce ranar da aka kafa turken, ubansa yana noma a hagunsa, kakan mai garin Zuweta yana noma a damansa, a ɓangaren da yau ake kira Bong, kuma babu wanda ya ɗaga fartanya ya matsa. Ya lissafa gonakin Zuweta uku da ke ɓangarenmu da sunayen masu su. Mai rawa ya tsaya. Daga nan ya juya wurin Baffa ya ce masa, ƙanena, na kusa zuwa wurin matata, ba zan je mata da ƙarya a baki ba, ko da kuwa ƙaryar za ta mayar da ita Bong.

Wakilai suka rubuta abin da suka gani suka tafi, mu aka bar mu da gari. Baffa bai sake taka ƙofarmu ba. Ya sa aka yi shela cewa gayya ba za ta shiga gonarmu ba bana. A bakin famfo mata suna ce mini Madam Margibi, wata ta ce in je Kakata, babban birnin Margibi, in ɗebo ruwa, wai na Bong ba nawa ba ne. Na ce mata to ta dawo mini da turmin da ta ara, shi ma a Margibi aka sassaƙa shi. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar cewa na yi haka don marigayi mijina ɗan Zuweta ne. Shekara goma sha ɗaya da rasuwar Dolo, ban taɓa kwana a garinsu ba sai ranar makoki. Ni da na rasa gona da kabarin uwa a rana ɗaya, ni ce kuma na ci riba?

Kuka na kwana biyu na yi, na uku na ɗaura zane. Na je Zuweta wurin Ma Gormah, yayar Dolo, wadda gonarta tana cikin ukun da suka faɗo mana. Na same ta ita ma ba ta barci, don samarinmu sun ce za su cire mata iri. Muka hau babur ɗaya, tsofaffin mata biyu da jakar gari, muka je Kakata. Muka wuni a benci kafin wata ma'aikaciya ta saurare mu. Ta ce tsoho ya faɗi daidai, iyakar gunduma ba ta ƙwace gonar kowa, amma sai garuruwan biyu sun zauna sun rubuta wane ne ke noma ina, masu gari su sa hannu. Ban yarda da bakin mutum ɗaya ba, sai da muka kama hanyar Gbarnga, babban birnin Bong, a mako na gaba, mota ta kafe da mu sau biyu, can ma aka faɗa mana haka. Na dawo da takardar a cikin leda a ƙirjina. Mai garin Zuweta ya dangwala yatsa, bayan Ma Gormah ta zauna a ƙofarsa ta ce ba za ta tashi ba. Saura Baffa. Ya ce shi ba ya sa hannu a takardar da mace ta yawo da ita, sai ya ji daga bakin ɗan gidan namiji.

To ka ji inda ka shigo. Ni na yi noman, ni na yi jinyar Ma, ni nake wanke wa Papa ƙafa, amma bakinka ake jira, kuma ban tsaya jayayya da wannan ba yanzu, don shuka ba ta jiran shari'a. Abin da nake so, ka rubuta wa Baffa da hannunka, ka kuma kira shi. Kada ka zage shi, kada ka nuna masa ya yi kuskure gaban mutane. Tsoro ne ya kama shi, kada a ce a zamaninsa gari ya rasa ƙasa, kuma tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Ka ce masa kai ɗansa ne, kana roƙo ya sa hannu don gonakin garinmu shida da ke ƙetare, har da tamu, su tsira. Maganar Monrovia kuwa ka bar ta. Na gaya wa Papa, ya ce ko a zamanin dako bai kwana a can da son ransa ba. Ni ma ba inda za ni. In na tashi yau, gobe ciyawa ta rufe Ma, jibi a ce dama gonar ba ta da mai ita.

Na soma dashe ranar Litinin ni kaɗai, da yake Yamah tana jego. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, na sani, amma na ce ko layi goma ne a rana zan yi. Ranar Laraba ina duƙe sai na ji motsi a bayana. Ma Korto ce, matar Baffa, ta naɗe zane har gwiwa, ta ɗauki damin iri ta shiga laka. Can da rana ta yi sama ta ce, ba tare da ta ɗago ba, uwarmu ce ta karɓi haihuwar 'ya'yanta biyar, kuma ba ta ji an yi shelar hana mutum gaida kabari ba, in kuma hannunta ya taɓa iri a hanya wannan tsakaninta da Allah ne. Jiya mu bakwai ne a gonar, biyu daga Zuweta. Da yardar Allah kafin amsarka ta iso mun gama, kuma shinkafar nan ni zan yanke ta da hannuna.

Ka gaishe mini da Lorpu, ka ce busasshen barkonon da ta roƙa yana tare da wannan takarda a hannun ɗan'uwanta Sengbe. Ka shafa mini kan Tokpa ƙarami da Nyamah, a riƙa yi musu yarenmu a gida. Papa yana sa muku albarka, ya ce a gaya maka hankalinsa ya fi naka. Yamah da mijinta da Ma Gormah duk suna gaisuwa. In za ka aiko da amsa, ka rubuta Bong ko Margibi a bayan ambulan, duk wadda ka ga dama. Mai babur ya san ƙofata.

Allah Ya sada mu da alheri.

Yayarka,
Nowai Tokpa