Ɗan Yayata Ya Rataya Sunana a Shafinsa

Assalamu alaikum Hajiya Ɗaso. Don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. A unguwar Mansur nake zaune a nan Makka, mijina ya rasu, ina sayar da waina da miya, kuma iƙamata, wato takardar izinin zamana, tana hannun kafili, wanda ya tsaya min a ƙasar, mutumin kirki amma ba ya son tashin hankali ko kaɗan.

Mukhtaru ɗan yayata ne, yana Kano. Da ya zo umara a ɗakina ya sauka, ni na ciyar da shi, har ihraminsa ni na wanke. Bayan ya koma ya bugo ya ce in turo masa cikakken sunana da lambar wayata da kwatancen gidana, wai zai aiko min da kilishi da daddawa ta hannun alhazai. Kin san yadda muke da saƙon gida. Na tura har da sunan lungunmu. Kilishin ya zo kuwa, na yi ta sa masa albarka.

Ashe shafi ya buɗe a intanet, yana karɓar aikin yankan hadaya da hajjin badali, wato a yi wa mamaci ko marar lafiya hajji. Ni ban sani ba sai bana, da wani alhaji daga Gusau ya ƙwanƙwasa min ƙofa yana tambayar wa ya yi wa mahaifinsa hajjin. Na rantse ban san zancen ba. Sai ya nuna min a wayarsa wani wuri da ake kira WHOIS, inda kowa zai duba wanda ya yi rajistar shafi. Hajiya, sunana ne a matsayin mai shafin, da lambata, da lungunmu. Bayan alhajin wasu ma sun zo, maƙwabta har sun fara leƙe.

Na kira Mukhtaru ina kuka. Ko haƙuri bai ba ni ba. Wai adireshin Makka ya fi sa mutane su yarda, wai a da ya biya an ɓoye bayanan, mantawa ya yi bai sabunta ba. Ya'ni a ganinsa ba saka sunana ne laifin ba, bayyanar ce. Yaya kuma, mahaifiyarsa, ta ce in rufa masa asiri, yaro ne. Yaron da ke da 'ya'ya uku. Wallahi ban taɓa jin an ci amanata irin wannan ba. In maganar ta kai ga kafilina, zamana a nan ya ƙare. In na ɗauki mataki, na rasa yayata. Yaya zan yi?

Taki,
Mai waina a Mansur

*

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Share hawayenki, ba ki yi laifi ba. Wanda ya ba da kwatancen gida don saƙo bai ba da izinin kasuwanci ba.

Zan yi wa Mukhtaru adalci: ba mu da tabbacin ya cuci alhazan, wataƙila an yi yankan, an yi hajjin. Yayarki kuma uwa ce, dole ta ji tsoro. Amma kada ki yarda ya ce zai sake biya a ɓoye. Ɓoyewa labule ne kawai, a bayansa sunanki na nan a wurin kamfanin rajistar. Cirewa za a yi.

Yau ɗin nan ki sa a ɗauki hoton bayanan da kwanan wata, ki adana saƙonninsa. Ki ba shi wa'adi gajere ya sa sunansa da adireshinsa na gaskiya. In ya ƙi, sunan kamfanin rajistar yana nan a wurin da alhajin ya nuna miki. Ki rubuta musu cewa an yi amfani da bayananki ba da yardarki ba. Suna bincikar irin wannan ƙorafi, har sukan dakatar da shafin. Ki sani dai tsohon bayani yakan daɗe yana yawo a wasu wurare, don haka duk wanda ya zo ki nuna masa hujjarki, ki ba shi lambar Mukhtaru.

Kafilinki kuma, ki je da kanki ki faɗa masa kafin ya ji a bakin maƙwabta.

Ita Yaya, kada ki yi faɗa da ita. Ki gaishe ta da ladabi, ki ce kin ji roƙonta, sannan ki tambaye ta a hankali: ranar da ɗanta ya baje sunanki da ƙofar gidanki ga duniya, wa ya rufa miki naki asirin?

Allah Ya tsare miki zamanki a maƙwabtakar Ɗakinsa, Ya sanyaya miki zuciya.

Hajiya Ɗaso